Tambaya da Amsa: Alƙalamin Orient Express, Ado ne ko Jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai sha'awar rubutu da alƙalamin tawada tun ina makarantar sakandare. A wata tafiya da na yi na ga wani alƙalami shuɗi mai ratsin zinariya cikin akwatin gilashi a wani kanti, aka ce mini an ƙera shi ne domin tunawa da wani jirgin ƙasa mai suna Orient Express, kuma kuɗinsa ya kusa na ƙaramar mota. Wane irin jirgi ne wannan, me ya kawo tsadar, kuma gaskiya ne abin da mai kantin ya faɗa cewa duk wanda ya saya ya ajiye zai ci riba nan gaba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Orient Express jirgin ƙasa ne na alfarma wanda ya fara zirga-zirga a shekarar 1883 tsakanin Faris da Istanbul, birnin da Turawa ke kira Konstantinoful a wancan zamani. Wanda ya assasa shi wani ɗan ƙasar Beljiyam ne, Georges Nagelmackers, wanda ya je Amurka ya ga taragun kwana na kamfanin Pullman, ya dawo ya kafa nasa kamfanin mai suna Wagons-Lits domin masu hali su riƙa ratsa ƙasashen Turai suna ci suna kwana ba tare da sun sauya jirgi a kowace iyaka ba. A farkon lamari layin dogon bai kai ƙarshe ba, saboda haka fasinja kan sauka a Giurgiu ta ƙasar Romaniya, ya haye kogin Danube, ya hau wani jirgin ƙasa zuwa Varna, birnin gaɓar teku a ƙasar Bulgeriya, sannan ya ƙarasa ta teku. Sai a 1889 aka fara tafiyar gaba ɗaya a kan dogo, kuma a shekarar da ta biyo baya aka buɗe tashar Sirkeci ta Istanbul, wadda ta zama zangonsa na ƙarshe.

Launin da ka gani a jikin alƙalamin yana da asali. A shekarun 1920 kamfanin ya koma yin taragu na ƙarfe masu launin shuɗi mai duhu da rubutun ruwan zinariya, ya kuma ɗauko gwanayen zane irin su René Prou da René Lalique suka ƙawata cikin wasu taragunsa da katako mai sassaƙa da gilashi mai zane. Wannan zamani ne mutane ke tunawa idan an ambaci jirgin, musamman hanyar da aka buɗe a 1919 wadda ke bi ta ramin dutsen Simplon zuwa biranen Milan da Venice na ƙasar Italiya. Jirgin sama ya zo ya ƙwace masa fasinja, har aka daina tafiya kai tsaye daga Faris zuwa Istanbul a 1977. Wani attajiri Ba'amurke, James Sherwood, ya sayi tsofaffin taragu ya gyara su, ya fara jigilar 'yan yawon buɗe ido da su a 1982. A cikin wani taragon kamfanin Wagons-Lits ne kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Yaƙin Duniya na Ɗaya a dajin Compiègne na ƙasar Faransa a watan Nuwamba na 1918, ko da yake wannan tarago ba na Orient Express ba ne, duk da cewa wasu 'yan kasuwa na son haɗa labaran biyu.

Tunda ba ka ambaci sunan kamfanin ba, sai mu ce fitattun da suka yi alƙaluma da sunan wannan jirgi sun haɗa da Montblanc, wanda aka kafa a Jamus a 1906, da S.T. Dupont na Faransa, wanda ya samo asali a 1872, kuma tun kafin ya shiga harkar alƙalami an san shi da ɗinka akwatunan tafiya na fata.

Game da tsada kuwa, ya kamata a raba alƙalamin gida biyu. Ɓangaren da ke rubutu shi ne bakin, wanda akan yi da zinariya, kuma idan ka duba da kyau za ka ga an buga 585 ko 750 a kansa, wato kashi 58.5 ko kashi 75 cikin ɗari zinariya ce. A tsininsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri wanda shi ne ke taɓa takarda, sannan akwai siririyar tsaga da tawada ke bi ta sauko a hankali yayin da iska ke komawa ciki ta maye gurbinta. Zinariyar bakin ba ta da wani nauyi, kuma irin wannan baki, da ɗan bambancin zane, shi ne ke kan alƙalamin yau da kullum na kamfanin wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na wanda ka gani ba. Sauran kuɗin duk na gangar jiki da murfi ne, inda maƙera ke shafa fenti mai ƙyalli hawa-hawa suna gogewa, su zana ƙarfe da hannu, wani lokaci su dasa duwatsu masu daraja. A kan wannan sai a ɗora kuɗin suna da kuɗin ƙaranci, domin kamfani kan ƙayyade adadin da zai ƙera, ya buga wa kowane ɗaya lambarsa. Montblanc ya daɗe yana wannan dabara, inda tun daga 1992 yake fitar da wasu alƙaluma guda 4,810 kacal, adadin da ya ɗauko daga tsawon dutsen Mont Blanc a ma'aunin mita. A taƙaice abin da aka nuna maka kayan ado ne da ke iya rubutu, kuma ba zai gyara wa kowa hannu fiye da ɗan'uwansa mara ado ba.

A kan batun riba, ra'ayinmu shi ne ka yi hattara da zaƙin bakin mai kanti, domin ba a taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ba. Akwai 'yan tsirarun alƙaluma da darajarsu ta ƙaru a wajen gwanjo, amma ƙarancin da kamfani ya tsara da gangan ba ɗaya yake da ƙarancin tsohon kaya da ya ɓace da kansa ba, kuma kowace shekara ana fitar da sababbi masu nasu labarin, waɗanda ke raba hankalin masu saye. Idan ka tashi sayarwa, dillali ko gidan gwanjo zai cire nasa kason, kuma masu tara irin waɗannan kaya kan rage farashi da zarar an taɓa zuba wa alƙalamin tawada, ko akwatinsa ya lalace, ko takardar shaidarsa ta ɓata. Ma'ana, idan riba kake nema dole ka haƙura da rubutu da shi, alhali son rubutu ne ya kai ka gaban akwatin gilashin tun farko. Haka kuma masu neman irin wannan kaya ba su da yawa a kasuwanninmu, saboda haka ranar da ka matsu da kuɗi ba za ka iya kai shi kasuwa ka karɓo kuɗi nan take kamar yadda ake yi da sarƙar zinariya ba.

Idan kana da halin saye ba tare da ka taɓa haƙƙin iyali ba, ka saya domin jin daɗinka, daga kantin da kamfanin ya amince da shi, ka tabbatar lambar da ke jikin alƙalamin ta dace da wadda ke kan takardar shaida, ka kuma adana rasit, domin jabun Montblanc sun cika kasuwannin duniya.

Tambaya: Na gaji alƙalamin tawada mai bakin zinariya daga mahaifina. Zan iya zuba masa tawadar allo tamu ta gargajiya? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, kada ki kuskura ki yi haka. Tawadar allo da ƙaro da baƙin gawayi ko na tukunya ake haɗa ta, kuma da alƙalamin kara ta dace, wanda ake tsomawa a kuma fiƙe idan ya dakushe. Idan ta shiga siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin bakin ta bushe, za ta toshe su, kuma gyaran yana da wuya. Ki nemi tawadar kwalba da aka yi domin irin wannan alƙalami, ki riƙa rufe murfinsa da zarar kin gama rubutu, musamman lokacin hunturu da tawada ke saurin bushewa, sannan idan za ki ajiye shi na wasu makonni ki juye tawadar, ki ɗauraye cikinsa da ruwan sanyi mai tsabta har sai ruwan ya fito fari.