Sifirin mai tauri zai sa Land Cruiser ta ɗauki duro biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Land Cruiser 80 mai shan gas, da ita nake kai ma'aikatan haƙar burtsatse daga Nguru zuwa ƙauyukan Machina da Yusufari, kuma yawancin hanyar yashi ce. Na sa mata bambar ƙarfe da winci a gaba, da kariyar ɗora kaya a saman rufi. Mu shida muke tafiya, ga duron gas ɗaya a baya, jarkokin ruwa huɗu a kan kariya, da akwatin kayan aiki. Yanzu bayanta ya zauna, ko ɗan rami muka faɗa sai in ji ta doka. Makanikena ya ce in sayo sifirin mafi tauri a ɗaga ta inci 4, wai daga nan ko duro biyu na ɗora ba za ta ji ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don rayukan mutane nake ɗauka, kuma bara motar wani abokin sana'armu da aka ɗaga haka ta kife a gangaren yashi. Wane sifirin ya dace da ni? Mai karatu daga Nguru.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tsare gaba, ya ba waɗanda suka ji ciwo a wancan hatsari lafiya. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kada ka bari a kawar maka da shi da daɗin baki.

Kafin ka fitar da ko sisi, kai motar sikeli. Duk inda ake awon manyan motoci, a kamfanin shinkafa ko wajen masu sayen riɗi da waken suya, za su auna maka da ɗan kuɗi kaɗan. Hau da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, sannan na baya kaɗai a rubuta. Ka yi haka sau biyu: ranar da take ɗauke da abin da ba ya sauka daga kanta, wato bamba, winci, kariya, safaya, akwatin kayan aiki da tanki cike, da kuma ranar tafiya, mutane da kaya duk suna ciki. Lambobi huɗun nan su ne za su zaɓa maka sifirin. Ka kuma sa tef daga tsakiyar wili zuwa bakin mudgad a kusurwa huɗu, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tudu ba kwari, ka ajiye awon.

Yanzu ga maganar makanikenka, wadda kusan kullum sai wani ya shigo gareji da ita, kuma ta isa ta kashe mutum. Sifirin ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya riƙe jikin motar a wani tsayi. Iyakar nauyin da motar za ta iya ɗauka Toyota ta riga ta buga shi a ɗan farantin ƙarfen da ke jikinta, ana rubuta shi GVM ko GVWR, kuma a yawancin 80 bai wuce kilo 2,960 ba. Motar kanta, babu kowa babu komai, tana tsakanin 2,100 da 2,300. Abin da ya rage maka ke nan wajen kilo 700, a ciki har da kai direba. To lissafa naka. Bambar ƙarfe da winci kusan 100. Kariya 40. Mutum shida, a ce 420. Duron gas mai lita 200 kusan 185 ne da duron, tunda litar gas ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen 0.84 take. Jarka huɗu masu lita 25, kilo 100 cif. Kayan aiki 50. Ka kusa 900 tun ba a ɗora duro na biyu ba. Motarka ba ta zauna don sifirinta rago ne kaɗai ba, ta zauna don an wuce mata iyaka, kuma zaman nan shi ne kawai hanyar da take da ita ta faɗa maka.

Idan aka sa mata mai tauri, zaman zai ɓace, ido zai ga mota tsaye ƙyam, sai mai ita ya ce ai yanzu ta zama babbar mota. Birkin nan dai shi ne na jiya. Boris ɗin ƙafa shi ne, aksil shi ne, shasi shi ne, kusoshin wili su ne. Kamar mutum ne ya ƙara wa jakinsa akumari mai kauri ya ce daga yau kayan raƙumi zai ɗauka. Na sha ganin abin da ke biyo baya: shasi ya tsage daidai kujerar sifirin baya, boris ya ƙone a dokar daji, birki ya yi zafi ya saki a gangara. Duba gefen tayarka ma, akwai lamba bayan girmanta. Idan 112 ce, kilo 1,120 taya ɗaya ke ɗauka, idan 120 ce 1,400, kuma wannan da iska cike ne. Kai da kake sace iska don ka bi yashi, ƙarfin tayar raguwa yake yi a daidai lokacin da ka fi loda ta.

Akwai kuma abin da masu wannan magana ba sa lissafawa, wato inda kayan yake zaune. Tsakanin aksil ɗin gaba da na baya a 80 milimita 2,850 ne. Duro mai kilo 185 da aka ajiye rabin mita a bayan aksil ɗin baya yana danna shi da kusan kilo 217, ya kuma ɗage wa gaba wajen 32. Ƙara na biyu, gaban ya ƙara sauƙi, sitiyari ya fara yawo a hannunka. Sai a zo a ɗaga motar inci 4, wato milimita 100, da ruwa kilo 100 a can sama kusan mita biyu daga ƙasa, ruwan kuma yana kaɗawa cikin jarka. A gangaren yashi, inda tayoyin gefe ɗaya ke nutsewa, wannan shi ne abin da ke kifar da mota. Ban ga motar abokinka ba, amma siffar da ka bayar siffa ce da na sani sarai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake yin aikin. Wani zai ɗauko sifirin wata mota daban daga cikin tarin kayan gwanjo, ya taka shi da ƙafa, ya ce wannan ƙarfe ne. Wani zai hura masa wutar walda ya miƙar da shi don ya ƙara tsawo, bai san ya kashe ƙarfen ba, wata biyu ya lotse ko ya karye. Wani zai cusa guntun taya tsakanin zagayen, wani ya yanke zagaye ɗaya da garanda. Ba a gane taurin sifirin da ido ko da ƙafa. Kaurin ƙarfen kaɗai, idan ya tashi daga milimita 16 zuwa 18, taurin yana ƙaruwa da kashi 60 cikin ɗari in dai faɗi da yawan zagayen ba su canza ba. Milimita biyu kacal, wanda ido ba zai rarrabe ba a cikin ƙura da baƙin mai. Duk wanda zai sayar maka da sifirin bai tambaye ka nauyin motarka ba, bai kuma iya faɗa maka lambar taurinsa ba, ka bar masa kayansa. Mutanen da kake ɗauka suna da iyali da ke jiran dawowarsu, bai kamata a yi gwaji da su ba saboda wani yana so ya rabu da ƙarfen da ya daɗe a shagonsa.

Kuma mafi tauri yana da tasa illar ranar da motar take wayam. Ka sauke mutane da kaya kana dawowa kan burji mai gargada, bayan zai riƙa tsalle, tayoyin ba sa zama a ƙasa, a kwana sai ka ji gindin yana neman wuce kai. A yashi da kwazazzabo ma sifirin da ba ya lanƙwasa yana ɗaga taya sama ta riƙa juyawa a banza.

To ga yadda ake zaɓa. Kamfanonin da suka san wannan mota, irin su Old Man Emu, Dobinsons da Ironman na ƙasar Ostareliya, suna rarraba sifirin baya ne bisa nauyin da ke zaune kullum: na mota mai ɗaukar kaya jefi-jefi, na mai ƙarin kilo 200 a koyaushe, na mai 400. Kalmar koyaushe ita ce abin lura. Ba nauyin ranar da ka fi lodi ake nufi ba, nauyin da ba ya sauka ake nufi. Taurin kuma suna rubuta shi a kwali, ko kg/mm ko lb/in, wato nauyin da ke danne sifirin milimita ɗaya ko inci ɗaya. 220 lb/in kusan kilo 4 ne a kowane milimita, 320 kuma kusan 5.7. Lissafin mai sauƙi ne: kilo 400 a baya, kowane sifirin ya ɗauki 200, mai 4 zai sauka milimita 50, mai 5.7 ya sauka 35.

A irin aikinka, ina ganin gaba ka sa wanda aka yi don bambar ƙarfe da winci. Sau da yawa bambancinsa da na mota marar bamba a tsawo yake, taurinsu ɗaya. Baya kuma na kilo 200. Sai dai idan awon sikelinka ya nuna duron ba ya sauka duk mako, to nan za a iya duba na 400. Idan ratar da ke tsakanin awonka biyu tana da faɗi, nemi sifirin da zagayensa suka matsu a sama suka buɗe a ƙasa, yana da laushi a wayam ya ƙara tauri da lodi. Tsayi kuma milimita 50 ya ishe ka. Ɗaga jiki ba ya ɗaga tulun aksil, wato kumburin da ke jikinsa, daga ƙasa ko kaɗan, taya ce kaɗai ke yin wannan, kuma tulun ne ke fara kama yashi.

Ranar ɗaurawa kada ka bar garejin sai an yi waɗannan. A sa shok masu tsawon da ya dace da sabon sifirin, don tsoho gajere zai riƙa fizga. A ɗaga motar har tayoyi su rataya a ga robar da man birki ke bi ba ta miƙe tsam ba. A sa bushin gyaran kwanciyar aksil ɗin gaba, in ba haka ba sitiyari zai daina komawa tsakiya da kansa. Sifirin kan zo ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kamar milimita 10, dogon na gefen da ya fi nauyi ne, awon tef ɗinka zai nuna maka. Sai wanda aka fi mantawa: akwai bawul ɗin birki a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Da tsayin motar yake gane lodi. In an ɗaga ta ba a daidaita shi ba, zai ɗauka wayam take, ya rage wa tayoyin baya birki alhali kana cike da kaya.

Duro na biyu kam babu wurinsa a wannan mota. Ko ka aika shi gaba da motar kayan haƙa, ko ka ja ƙaramar tirela. Na farkon ma ka matso da shi gaba iya yadda kujera ta bari, ka ɗaure shi da bel a jikin ƙarfe, jarkokin ruwa su sauko ƙasa, tabarmi da jakunkunan kaya su hau sama. Bayan ka yi kamar kilomita 500 da sabon sifirin, ka sake awon kusurwa huɗun, ka turo min su tare da lambobin sikeli mu duba ko akwai abin gyarawa.