Amsa ga Hajiya kan yaron da ke son haɗa lise da koyon gyaran firij

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki kan ɗanki da ya samu BEPC (takardar gama kwaleji) bana, zai shiga sugondi, ajin farko na lise, a nan Tawa, kuma ya kafe sai ya koyi gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ke kuma kina tsoron kada sana'ar ta cinye karatun. Ni ma haka na yi, sai dai lantarkin gidaje na koya.

Yana yiwuwa, amma ba a duk shekaru ukun lise ba. A sugondi akwai sarari, tunda BAC, jarrabawar gama lise, sai ƙarshen terminal, wato aji na ƙarshe. Ni Asabar da Lahadi nake zuwa wurin maigidana, sai kuma babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. A wata ukun nan na koyi abin da ban koya ba a sauran shekarar. Kada ki damu in ya dawo yana ƙorafin ba a koya masa komai. Ni ma da ɗaukar tsani da fasa bango da dafa shayi na fara, sai da na yi watanni kafin a bar ni in taɓa waya.

Abin da ya kayar da ni ba gajiya ba ce, kuɗi ne. Da na shiga aji na biyu na lise hannuna ya faɗa, maigida ya fara tura ni ƙananan ayyuka ni kaɗai. Yau jika biyu, gobe jika biyar, a aljihun yaro ɗan shekara 17. Sai ya ce akwai aiki a Illela ko Abalak, mu tafi Asabar mu dawo Lahadi. Ba mu taɓa dawowa Lahadi ba. Litinin ta wuce, wani lokaci har Talata, ni kuwa seri D nake, ɗaya daga ɓangarorin kimiyya, inda lissafi da fizik da ilimin halittu su ne masu nauyin maki, kuma darasin da ya wuce ka ba ya jiran ka. A gida ba wanda ya lura, don ina sayen cefane, ana ta sa mini albarka. Na faɗi BAC a karon farko. Sai da na maimaita terminal, na kulle akwatin kayan aiki tun watan Oktoba na ba kawuna makullin, sannan na samu.

Ga gyaran firij kuma akwai wani abu da ya kamata ki sani. Kasuwarsu tana buɗewa ne da zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da kowane mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ke neman mai gyara ido rufe. Daidai lokacin ne kuma ake shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Maigida zai fi bukatar yaron a ranakun da makaranta ta fi bukatarsa. Saboda haka kada yaron ya kai kansa. Mahaifinsa ko kawunsa ya kai shi, a yi magana baki da baki: ga ranakun zuwa, ba tafiya wajen gari a lokacin karatu, a terminal kuma sai hutu kawai. Abin da yake samu ya riƙa biyowa ta hannunki, ki tara masa kuɗin kayan aiki. Ki kuma riƙa karɓar takardar makinsa da kanki.

Ban ce ki hana shi ba fa. Abokaina da dama sun tafi biɗa Abijan da Libiya tun ba mu gama lise ba, ni sana'ar nan ce ta zaunar da ni, ita ce kuma ta ciyar da ni a jami'a.

In kin ga zuciyarsa ta fi karkata ga aikin hannu, akwai makarantun da suka haɗa biyun wuri guda, kamar lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi da ta Isa Beri a Yamai, inda zai fito da takardar shaida. Kamfani yakan nemi takardar nan, wadda shagon maigida ba ya bayarwa. Ki je ofishin kula da koyon sana'a na jiha ki tambayi sharuɗɗan shiga tun kafin a koma makaranta.

Wace seri yake son bi? In C ce, inda lissafi da fizik suka fi tsanani, ni dai shawarata ya tsaya ga hutu kaɗai tun daga sugondi.