Kan sandar biliyad: mai taushi ko mai tauri?

Ɗan'uwa, ka ce kan sandarka, wato 'yar fatar da ke bakinta, ya baje, kana tambaya ko mai taushi za ka saya ko mai tauri. Ni dai matsakaici zan ce maka, musamman tunda a garin Garwa kake buga wasanka.

Mai taushi irin Elk Master yana shan alli sosai, yana kama farar ƙwallo in kana so ta juya ko ta dawo baya. Amma ba ya jure duka. Kafin ka ankara gefensa ya bazu ya fi bakin sandar faɗi, kullum kana cikin datsa. Mai tauri, kamar Le Pro, yana daɗewa kuma ƙarfin bugunsa ya fi, sai dai da zarar ya yi santsi alli ba ya zama, ka ji ƙas, sanda ta zame.

Ga kuma yanayinmu. Zafi da iskar hunturu suna busar da fata, wanda ka sayo da taushinsa ma ƙara tauri zai yi. Don Allah kar ka bar sanda a rana.

In ka samu Kamui na Japan, mai fatu jere bisa juna, kar ka tsattsaga shi da abu mai tsini don alli ya zauna, ɓarewa zai yi. Goga shi a hankali da samfefa mai laushi ya isa.