Hira Daban, Zaman Ciniki Daban: Amsar Tsohon Tafinta ga Yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ja jan biro a kan "hira" a fassarar da ka yi wa labarin 'yan ƙwadago, alhali takardar Turancin talks ta ce, kuma ƙamus ya nuna maka talk magana ce. Ka ƙara da cewa a ganinka conversation da discussion da dialogue da negotiation duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tunda dai mutane ne suka zauna suna magana. To, saurara.

Kafin hannunka ya kai kan ƙamus, yi wa zaman kansa tambaya: in an tashi, akwai wanda maganar ta ɗaure? Akwai wanda zai koma gida da nauyin biyan kuɗi, ko janye soja, ko dakatar da yajin aiki? In babu, kana yankin conversation da chat, wato hira da taɗi. Su waɗannan ba su da ajanda, ba su da mai rubuta bayanin taro, wanda ya gaji ya kaɗe rigarsa ya tafi. Chat ta fi sauƙi ma, irin ta tsaye a bakin ƙofa. Discussion ta ɗan ɗara su, domin tana da batu guda da ake juyawa, amma ita ma ana iya watsewa ba a yanke komai ba kuma babu wanda zai ce taron ya rushe. Ka kula da "zance" a nan. Kalma ce mai kyau, sai dai in ka ce minista ya je zance wajen takwararsa ta wata ƙasa, 'yan shayi za su yi mako suna dariyarka.

Inda ka faɗa rami shi ne ɗan harafin nan na ƙarshe. Talk ba tare da s ba na iya zama magana, ko lacca, ko ma surutu. Da zarar an liƙa mata s, aka sa ta tsakanin gwamnati da ƙungiya ko tsakanin ƙasa da ƙasa, ta tashi daga zaure ta shiga ɗakin taro mai tutoci. Zaman da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka fara a 1969 kan taƙaita makaman nukiliya, wanda shugabanninsu Nixon da Brezhnev suka sa wa sakamakonsa hannu a Mosko a 1972, da wannan 'yar gajeriyar kalma aka kira shi. Shekara biyu da rabi ana lissafin makamai masu linzami, ka ce mini hira ce? Saboda haka kada tsawon kalma ya ruɗe ka. Conversation doguwa ce mai kwarjini a baki, amma ba ta kai talks nauyi ba ko kusa. Har akwai abin da suke kira talks about talks, zaman share fage, inda ake daidaita wa zai zauna, a ina, kuma kan me. Irinsa gwamnatin de Klerk da jam'iyyar ANC suka yi a Afirka ta Kudu a 1990 bayan sakin Mandela, kafin babban zaman tsarin mulki ya buɗe a ƙarshen 1991.

Negotiation ita ce uwar gayyar. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin rashin hutu, wato sha'ani ko kasuwanci, kuma har yau warin kasuwa bai bar ta ba. In kana son gane ta, je Kara ranar kasuwa ka tsaya kusa da dillali. Za ka ji gaisuwa, ina gida, ya iyali, ya ruwa, an taɓa zancen damina da tsadar dusa. Duk wannan conversation ce. Daga lokacin da mai saye ya dafa bijimi ya yi tayi, mai dabba ya kau da kai ya ce albarka, an shiga negotiation, kuma ba za a fita ba sai an ji "na sallama" ko an rabu ciniki bai faɗa ba. Kowa ya zo da abin da yake so, da abin da zai iya saki, da iyakar da ba zai wuce ba wadda ya ɓoye a ransa. Haka aka yi kan mafi ƙarancin albashi a 2024. 'Yan ƙwadago suka buɗe da naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta ja, har da yajin aiki a tsakani, aka tsaya a 70,000 a watan Yuli. Wanda ya kira wannan hira ya zalunci mai sauraro.

Ba na cewa ka riƙa rubuta "ciniki" a labarai. A kan batun rayuka ko mulki kalmar tana da ƙaiƙayi, sai mai sauraro ya ɗauka sayar da mutane ake yi. Muna da "zaman neman daidaitawa", muna da "tattaunawar cimma matsaya", muna da "zaman sasantawa" in rikici ne. Abin da ke ba ni haushi da 'yan bayanmu a gidajen rediyo shi ne yadda suka ɗora wa "tattaunawa" komai. Shugaba ya kira takwaransa a waya ya yi masa barka da sallah, tattaunawa. An kwana ana ja-in-ja kan bashin biliyoyi, tattaunawa. Ɗan jarida ya yi wa mawaƙi tambayoyi, ita ce dai. Kalmar ba ta yi laifi ba, lalacin mai fassara ne. In za ka yi amfani da ita, ɗaura mata abin da zai nuna nauyinta.

Bari in ba ka labarin da ya kamata kowane tafinta a ƙasar nan ya riƙe. Ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, shugabannin sojan Najeriya suka haɗu a Aburi ta ƙasar Gana, bisa gayyatar shugabanta Janar Ankrah. Gowon na nan, Ojukwu gwamnan sojan Gabas na nan, Hassan Usman Katsina na Arewa na nan, da sauran gwamnonin soja. Jini ya riga ya zuba a juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya, har ta kai Ojukwu ba ya yarda ya je Legas. Masu rubuta tarihin wannan zama da dama sun nuna cewa ɓangaren Gowon ya je ne da tunanin haɗuwar abokan aiki, hafsoshin da suka san juna tun a bariki, a zauna a wanke zukata a dawo da yarda. Ojukwu kuwa ya zo da shiri, da takardu, da buƙatu a jere kan ikon yankuna da yadda za a tafiyar da soja. Ka ga teburi ɗaya, harshe ɗaya, babu ma buƙatar tafinta, amma wani conversation ya je yi, wani negotiation.

Aka naɗi maganganun, aka rubuta abin da aka amince. Da aka dawo Legas manyan sakatarori suka karanta, sai suka ga in aka bi shi yadda yake a rubuce, gwamnatin tarayya ta zama fanko. Aka fitar da Doka ta 8 a watan Maris, wadda Legas ta ce ita ce aiwatar da Aburi, Enugu ta ce sam ba abin da aka yi alkawari ba ke nan. Gabas ta mayar da "a kan Aburi muka tsaya" takenta. Ranar 30 ga Mayu aka ayyana Biyafara, farkon Yuli aka fara harbi. Ban ce rashin fahimtar kalma ne ya haddasa yaƙin basasa ba, dalilansa sun fi haka zurfi nesa ba kusa ba. Amma rashin daidaita irin zaman da ake yi tun kafin a zauna ya ba kowane ɓangare abin da zai riƙe ya ce ɗayan ne ya ci amana. Ka lura zaman da suka biyo baya, na Kampala da na Yamai da na Adis Ababa a 1968, babu wanda ya sake zuwa da tunanin hira. Peace talks aka kira su, kowa da tawagarsa da umarnin da aka ba shi daga gida.

Umarnin nan ma abin lura ne. Wanda ya zo negotiation yana da mandate, wato iyakar abin da masu aiko shi suka yarje masa. In ka ji ya ce zai koma ya yi consult, ya kai bango ke nan, sai ya ji daga sama.

Wannan ya kawo mu kan kalmomi biyu da 'yan siyasa ke ƙauna domin suna da ƙofar baya. Consultation tuntuɓa ce. An ji ta bakinka, an gode, amma mai yanke hukunci bai ɗaure kansa da ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba. In gwamnati ta ce ta yi consultation da ƙungiyoyi kafin ta ƙara kuɗin wani abu, kai kuma ka fassara da "ta cimma matsaya da su", ka yi mata shaidar zur kyauta. Dialogue kuwa ta fi santsi. Tana nufin ɓangarori masu saɓani sun yarda su saurari juna, ba tare da alkawarin bayarwa ko karɓa ba. Shi ya sa jami'in da zai rantse ba ya negotiate da 'yan bindiga, gobe za ka ji ya ce ƙofar dialogue a buɗe take, kuma a wurinsa bai yi tufka da warwara ba. A 2019 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun zauna da 'yan bindiga, jama'a suka kira abin sulhu, sunan ya bi shi. To amma "sulhu" a kunnen Bahaushe sakamako ne, an yafe, an ajiye makami. In mutum dialogue ya ce, kai ka ce sulhu, ka kai shi inda ƙafarsa ba ta taka ba, kuma in ya musanta gobe, kai za a nema.

Mediation da arbitration kuma kada ka kuskura ka haɗa su, ko da yake dokar Najeriya ta 2023 ta ɗauke su a suna ɗaya. Mediator mai shiga tsakani ne, yana lallashi, yana kai gwauro yana kai mari, amma ba shi da ikon tilasta kowa. Arbitrator hukunci yake yankewa, kuma ya hau kanka ko kana so ko ba ka so. Irin wannan zama ne a Landan ya ɗora wa Najeriya biyan dala biliyan 6.6 a 2017 kan kwangilar gas ta kamfanin P&ID, sai a Oktoban 2023 wata babbar kotun Ingila ta yarda da ƙorafin Najeriya cewa da maguɗi aka samu hukuncin. Mai shiga tsakani ba ya iya jawo maka irin wannan bashi.

Takardar da ake fita da ita ma suna-suna ce. Malaman jami'a sun ƙulla agreement da gwamnatin tarayya a 2009, aka zo aka yi memorandum of understanding a 2013, aka ci gaba da sa hannu kan wasu takardun, duk da haka a 2022 sai da aka rufe jami'o'i wata takwas. Mu a Hausa duk "yarjejeniya" muke ce musu, sai mai sauraro ya rasa gane me ake ta sa wa hannu. Ta biyun ka ce mata "takardar fahimtar juna", domin galibi niyya take nunawa. Communiqué kuwa sanarwar bayan taro ce kawai. A cikinta in ka ga an ce an yi frank exchange of views, kada ka rubuta cewa an yi zama mai armashi. A bakin jami'an diflomasiyya ma'anarta an faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci, wataƙila har an ɗaga murya, kuma ba a daidaita ba. Haka Turawa suke ko a gida: have a word with ɗan keɓewa ne a yi magana, have words with kuwa cacar baki ce.

Yawancin aikin da zai ciyar da kai ba a fadar shugaban ƙasa yake ba. Alhaji ne daga Kwari ko Dawanau zai ɗauke ka ku zauna da baƙon da ya zo sayen riɗi ko sayar da yadi. A nan ka buɗe kunne da kalmomi biyu. In baƙon ya ce subject to contract, duk abin da aka amince da baki bai zama ciniki ba sai an sa hannu, don haka ka gaya wa Alhaji kada ya ɗora kaya a mota tukuna. In lauya ya rubuta without prejudice a saman wasiƙar neman sasanci, yana nufin tayin da ke ciki ba za a ɗauke shi a kai kotu a matsayin amsa laifi ba.

Wani lokaci kuma baƙon da gangan zai sassauta harshe, ya ce a zo a yi chat kan farashi, alhali ga kwamfutarsa a buɗe, ga abokin tafiyarsa yana rubuta duk adadin da ya fito daga bakin Alhaji. Kai dai fassara abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, "ya ce ku ɗan taɓa hira kan farashi", kada ka ƙara masa nauyin da bai sa ba. Amma kana da damar ka nemi izini a fili, da harsunan biyu, ka tambaya ko adadin da za a ambata yanzu tayi ne ko kuwa jin ra'ayi kawai. Ka fassara amsar kalma da kalma, ka rubuta ta a littafinka tare da kwanan wata, sannan ka bar Alhaji ya buɗe baki.