Amsa ga ƙanwarmu kan shiga ƙungiyar marubuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari tambayar da ƙanwarmu ta wajen Ringim ta turo, cewa ta gama rubuta labarinta da hannu, tana son sanin ko ƙungiyar marubuta za ta buga mata shi, kuma ko shiga ƙungiya zai amfani wanda yake zaune a ƙauye.

Ƙanwata, gaskiyar magana ita ce ƙungiyoyin nan ba kamfanonin ɗab'i ba ne, kuma yawancinsu da karo-karon mambobi suke tafiya. Abin da za ki samu a wurinsu shi ne masu karanta miki da idon gyara. Za ki karanta shafi biyu ko uku a gaban jama'a, wani ya ce a nan kin haɗa kalmomin da ya kamata a raba, wata ta ce wannan tsohuwar da kika ƙirƙira ba ta magana irin ta tsofaffin karkara, sai ki koma gida ki sake zama a kan aikin. A ganina wannan ya fi kuɗin bugu muhimmanci, domin littafin da aka buga da kurakurai ya riga ya fita, bakin alƙalami ya bushe.

Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana da reshe a Kano. Haka kuma Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, marubuta ne da suka haɗa kai suka riƙa buga littattafansu da kansu, suna tallata na juna, har adabin kasuwar Kano ya bunƙasa. Mata ma suna da nasu, irin su Mace Mutum da Kallabi, kuma ta nan ne da yawa suke jin sanarwar gasa, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016.

Batun nisa kuwa, na san kuɗin mota zuwa Kano duk wata ba ƙaramin nauyi ba ne. Shawarata ita ce ki nemi masu sha'awar rubutu a garinku, ko da mutum huɗu ne, har da malamin Hausa na sakandare, ku nemi izinin aji ɗaya ranar Asabar, sannan ku tuntuɓi reshen da ya fi kusa domin a riƙa turo muku mai gyara. Kafin nan, kada ki miƙa wa kowa ainihin rubutunki sai kin yi masa hoto kin ajiye kwafi a gida.