Gahawa mai tambarin Fairtrade: kuɗin na isa ga manomi?

Tambaya: Ina da kanti a Birnin Kebbi. Mai kawo min kaya daga Legas ya nuna min gahawa iri biyu, ɗaya da tambarin Fairtrade, ɗaya da hoton koren kwaɗo, duk sun fi wadda na saba sara tsada. Ya ce ƙarin na manoma ne. Gaskiya ne, ko zaƙin bakin ɗan kasuwa?

Amsa: Alhaji, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ya faɗa maka ba.

Tambarin biyu ba abu ɗaya ba ne. Koren kwaɗon na wata ƙungiyar tantance amfanin gona ne mai suna Rainforest Alliance, ya fi karkata ga kare daji da ruwa, kuma bai kafa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Fairtrade kuwa, ƙungiyar da ke neman wa manoma farashi na adalci, ta kafa mafi ƙarancin farashin da za a biya su: tun watan Agustan 2023, wankakkiyar gahawa nau'in Arabika ba ta sauka ƙasa da dala 1.80 kan fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, sai a ɗora santi 20. Amfanin wannan na fitowa ne ran da kasuwa ta karye, kamar a 2019 da fam ya faɗi ƙasa da dala ɗaya.

Santi 20 ɗin ba aljihun manomi yake shiga kai tsaye ba. Asusun ƙungiyar manoman yake zuwa, a taron mambobi a yanke abin da za a yi da shi: rumbun ajiya, aji, sabon dashe. Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ya san shugabanci ne ke gyara irin wannan asusu ko ya lalata shi. Kuma ƙungiyar ce ke biyan kuɗin tantancewa, sannan sau da yawa wani kaso ne kawai na amfaninta ke samun mai saye a farashin tambarin, saura a kai kasuwar kowa.

Abin da ya fi tsaya min a rai 'yan ƙodago ne. Binciken da jami'ar SOAS ta Landan ta fitar a 2014 kan Habasha da Yuganda ya gano cewa masu tsinkar gahawa a yankunan Fairtrade ba su fi saura albashi ba, a wurare da dama ma ƙasa suke karɓa.

Ka sari katan ɗaya ka gwada. Ka san cewa dala da kwastam da mota su ma suna cikin tsadar da kake gani. Kada kuma ka yi wa mai saye alkawarin ɗanɗano, domin tambarin bai auna daɗi ba.