Kawu, a nan sai ƙuri'a ta fito ake shiga dawa

Kawu, kun ce kun ji ana cewa a Amurka sai an yi caca kafin mutum ya harbi barewa, kuna tambaya ko gaskiya ne. Ƙuri'a ce dai, kuma zan faɗa muku yadda take a jihar Kolorado inda nake zaune, don kowace jiha da tsarinta.

Naman dawa a nan na jama'a ne baki ɗaya, hukumar kula da namun daji ta jiha ke riƙonsa. Ta yanka daji shiyya-shiyya, tana ƙiyasta dabbobin kowace shiyya, sannan ta ce bana lasisi kaza za a bayar. Masu nema sun fi lasisin yawa, shi ya sa ake ƙuri'a. Ana cike takarda ta intanet daga watan Maris, a rufe farkon Afrilu, sakamako ya fito wajen ƙarshen Mayu. Kuɗin takarda ba ya dawowa, amma na lasisin sai an dace ake cira.

Abin da ya fi burge ni shi ne maki. Duk shekarar da mutum ya nema bai samu ba, ana rubuta masa maki ɗaya, mai maki da yawa shi ke gaba. Ina da maƙwabci, dattijo, ya fi shekara goma yana tarawa saboda shiyya guda da yake so ya farauci elk, wata ƙatuwar barewa da ta kai gwanki girma. Ranar da ta fito masa, makin ya koma babu. Haƙuri irin na mai jiran kujerar Makka.

Wanda ya cika shekara 12 zai iya shiga. Duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar karatun farauta da riƙon bindiga. Ana zama ɗan jiha bayan wata shida a jere. Baƙo daga wata jiha kuwa kasonsa kaɗan ne, kuma lasisin elk ɗinsa ya ninka namu fiye da sau goma.

Farautar gayya irin ta rani da kuka saba, da karnuka da kiɗa, babu ita wajen barewa. Dabba ɗaya lasisin ya rubuta, da jinsinta da kwanakinta. Barin nama ya ruɓe laifi ne, sayar da shi ma haka. Mu 'yan uwa Musulmi da ke zuwa, bismillah muke yi kafin harbi, in mun tarar da sauran rai mu yanka. Ni makina uku ke nan, Kawu, a taya ni addu'a bana.